Karan Awo

Shekara ashirin da huɗu jiniyar Kakuri ke tashi na,
ita kuma ke sallama ta.
Ran da aka ɗaure ƙofar masaƙa da sarƙa
na dawo gida da katin aiki a aljihu,
ƙurar auduga a ƙirji.
Sai zama bakin shagon Ɗanlami,
ina ƙirga motocin da ke hawa gada,
in na ɓata lissafi in sake daga ɗaya.

Ran da muka kai Ladidi maƙabartar Tudun Wada
ruwa ya kwana yana zuba.
Mutum uku ke haƙa, duk sun girme ni,
jar ƙasa ta kama wandunansu har gwiwa.
Ɗayansu ya tsaya yana haki, ya dafa ƙugu,
ya dube ni, bai yi mini gaisuwa ba,
diga kawai ya miƙo.
Na karɓa.
Dama hannuna na neman abin riƙewa.

Na koma ran uku, wai in duba ko ruwa ya yi ɓarna.
Na koma ran bakwai, ban ma nemi dalili ba.
Baba Nomau ya ce, "Ga shayi can a gwangwani,
in ka sha, ɗauko shebur."
Ba takarda, ba hoto, ba sa hannu.
Haka aka ɗauke ni aiki karo na biyu.

Sun koya mini karatun kara.
Yaro zai shigo a kan babur
riƙe da karan dawa da aka gwada a jikin mamaci.
In dogo ne, mu tofa yawu a tafi, mu fara.
In guntu ne, bai kai kamu biyu ba,
ba mai kallon wani.
Cindo ke karɓa,
shi da ya kwantar da nasa huɗu a gindin dalbejiyar can.

Na san inda marmara ke mayar da diga,
na san inda ƙasa ke buɗewa kamar ta gaji da rufe baki.
Na iya jera itace, na iya cuɗa laka
in toshe kafa, kada ƙasa ta sami fuska.
Suna kira na Masaƙa.
Da farko ina jin haushi,
yanzu in ba su kira ba sai in ɗauka fushi ake da ni.

Abin da aka jefa a hula mu raba huɗu.
Wata ran kuɗin mota,
wata ran "Allah ya saka" mu raba shi haka nan.

Rakiya ta zo daga Rigasa da goyonta.
"Baba, me zan ce wa dangin mijina?"
Na ce ki ce musu har yanzu awo nake yi,
da yadi ne, yanzu ƙasa.
Ba ta yi dariya ba.
Amma da za ta tafi ta bar man zafi a kan taga.

Laraba da hantsi babur ya tsaya.
Tun daga ƙofa na gane karan,
na sha tafiya a bayan tsawon nan.
Gwangwaninsa na nan bisa duwatsun murhu,
ba wanda ya hura wuta.
Cindo ya juya kara a hannu, ya juya,
ya miƙo mini. "Masaƙa, kai za ka ja layi."

Na kwantar da shi a ƙasa, na daidaita gabas,
na zana da bakin diga.
Sai na ƙara taƙi ɗaya ta wajen ƙafa.
Cindo ya gani, bai tanka ba.
Duk mun san gwiwar Baba Nomau
ba ta son matsi.

Ba mu gama wanke hannu ba
wani babur ɗin ya yi hon a ƙofa.